Na juya dx da dy, amsa ta canza: ina matsalar take?

Ɗalibar_Injiniya ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina aji biyu a jami'a, sashen injiniyancin lantarki, kuma wannan zangon muka shiga intigiral mai ninki biyu, wato tara ƙimar fankshan (ƙa'idar lissafi da ke ba kowane ɗigo lamba) a kan wani fili, ta fuskar x da ta y. Muddin yankin da za a yi aikin a kansa murabba'i ne mai dari, ba ni da damuwa, domin iyakokin duka lambobi ne, mutum ya fara da x ko ya fara da y, duk ɗaya. Da aka zo kan yankin da lanƙwasassun layuka suka kewaye, a nan abin ya tsaya mini cak.

Ga tambayar da ke gabana. Yankin D shi ne filin da ke tsakanin farabola (lanƙwasasshen layi mai siffar U) x = y² da miƙaƙƙen layi y = x − 2. Ana so a nemo intigiral na f(x, y) = y a kan D.

Na fara da neman inda suka haɗu. Daga y² = y + 2 na samu y = −1 da y = 2, wato ɗigo (1, −1) da ɗigo (4, 2).

Hanya ta farko, na fara da x:

∫[y = −1 zuwa 2] ∫[x = y² zuwa y + 2] y dx dy

Na ciki ya ba ni y(y + 2 − y²). Na waje ya ba ni y³/3 + y² − y⁴/4 daga −1 zuwa 2, wato 8/3 − 5/12. Amsa 9/4.

Don in tabbatar, sai na sake yi ta ɗaya hanyar. Hancin farabolar yana kan x = 0, ƙarshen yankin kuma yana kan x = 4. A sama akwai y = √x, a ƙasa akwai layin y = x − 2. Saboda haka:

∫[x = 0 zuwa 4] ∫[y = x − 2 zuwa √x] y dy dx

Na ciki ya ba ni ½[x − (x − 2)²], wato ½(−x² + 5x − 4). Daga 0 zuwa 4 ya fito 4/3.

An koya mana ƙa'idar Fubini, cewa ko ta ina aka fara amsa ɗaya za a samu. Ga shi ina riƙe da 9/4 da 4/3, kuma na bi lissafin kowanne ban ga inda alama ta zame ba. Na ji an ce akwai fankshan ɗin da ƙa'idar ba ta aiki a kansu. Ko wannan yana cikinsu?

Tambaya ta biyu daga takarda ɗaya:

∫[y = 0 zuwa 1] ∫[x = y zuwa 1] e^(x²) dx dy

Wannan ko farawa na kasa. Babu dabarar da aka koya mana da ta fitar da intigiral na e^(x²). An ce a juya tsarin, amma in na ɗauki iyakokin yadda suke na musanya musu wuri, sai amsata ta ƙarshe ta fito ɗauke da y, alhali lamba ake nema.

Don Allah ba amsar kaɗai nake buƙata ba. Ina so in gane daga ina iyakokin nan suke fitowa, yadda gobe in an canza mini yanki ba zan tsaya ina zato ba.

Tsohon_Malamin_Lissafi ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Na bi lissafinki layi-layi, kuma babu kuskuren alama ko na ninkawa a ko ɗaya. Amsar tambayar da aka yi miki 9/4 ce. Ita ma 4/3 amsa ce ta gaskiya, sai dai ta wani yanki ce daban, ba D ba. Fubini ba shi da laifi a nan.

Ɗauki takarda ki zana, gani ya kori ji. Farabolar tana kwance, bakinta na kallon dama, tana da reshe biyu: na sama y = √x, na ƙasa y = −√x. Layin ya yanke ta a (1, −1) da (4, 2). Yanzu ki zaɓi x = 1/4 ki ja layi a tsaye ta wurin. Zai taɓa reshen sama a y = 1/2, reshen ƙasa a y = −1/2, sannan can ƙasa ya taɓa miƙaƙƙen layin a y = −7/4. Iyakokinki sun ce y tana tashi daga −7/4 zuwa 1/2. To mu gwada ɗigo ɗaya a wannan tazarar, mu ce (1/4, −1). Sharaɗin zama cikin D shi ne y² ≤ x ≤ y + 2. A nan y² = 1, ita kuwa x kwata ce kawai. Ɗigon yana wajen farabola, amma intigiral ɗinki ya ƙirga shi.

Abin da ya faru ke nan: tsakanin x = 0 da x = 1, ƙasan yankin ba miƙaƙƙen layin ba ne, reshen farabola na ƙasa ne. Layin bai karɓi aikin zama ƙasan yanki ba sai daga x = 1 zuwa gaba. Ke kin ba shi aikin tun daga sifili, sai ya janyo miki wani ƙarin fili mai kusurwa uku, a (0, 0) da (0, −2) da (1, −1), gefensa ɗaya a lanƙwashe. Kamar mai awon gona ne da ya zarce ya haɗa da wani sashe na gonar maƙwabci: awonsa daidai, filin ne ba nasa ba.

Za ki iya ganin ƙarin a lamba. A wannan ƙarin filin y tana ƙasa da sifili, don haka dole ya rage miki amsa. Intigiral na y a kansa shi ne ½∫[0 zuwa 1] (−x² + 5x − 4) dx, wanda ya ba da −11/12. Ki haɗa: 9/4 − 11/12 = 27/12 − 11/12 = 16/12 = 4/3. Ga 4/3 ɗinki nan, ba ragi ba ƙari.

In kina so ki fara da y, dole ki raba yankin biyu a x = 1:

∫[x = 0 zuwa 1] ∫[y = −√x zuwa √x] y dy dx + ∫[x = 1 zuwa 4] ∫[y = x − 2 zuwa √x] y dy dx

Kashi na farko sifili ne, ba sai kin yi lissafi ba, tunda abin da ke sama da layin x daidai yake da abin da ke ƙasa, y kuma alamarta ce kawai ke juyawa. Kashi na biyu ½∫[1 zuwa 4] (−x² + 5x − 4) dx = ½(8/3 + 11/6) = 9/4. Hanyoyin biyu sun haɗu.

Sai tambayarki ta gaske, inda iyakoki ke fitowa. Ga yadda na koyar da shi shekara da shekaru. In za ki fara da dy, ki harba kibiya daga ƙasa zuwa sama ta ratsa yankin. Layin da ta shiga ta kansa shi ne iyakar ƙasa, wanda ta fita ta kansa shi ne iyakar sama. Daga nan, kuma wannan ne ɗalibai ke tsallakewa, ki matsa da kibiyar a hankali daga hagu zuwa dama har ƙarshen yankin, idonki na kan mashigarta da mafitarta. Duk inda ɗayansu ya sauya daga wani layi zuwa wani, a nan za ki yanka. Kibiya ɗaya a tsakiyar yanki ba ta isa ba. Na tabbata ke a wajen x = 2 ko 3 kika duba, inda ƙasan layi ne da gaske, kika ɗauka haka yake ko'ina.

Iyakokin waje kuwa inuwar yankin ce a kan layin x ko layin y, kuma kullum lambobi ne tsura. In kika ga harafi a iyakar waje, tsaya, akwai gyara.

Da kibiya a kwance, wato dx, daga y = −1 har y = 2 tana shiga ta farabola tana fita ta layi, babu sauyi. Shi ya sa hanyarki ta farko ta tafi da intigiral guda. Kafin ki taɓa fankshan, ki gwada kibiyoyin biyu a kan zane ki ga wacce ce ba ta buƙatar yanka.

Akwai gwajin da nake so ki saba da shi. Cire fankshan ki sa 1 a madadinsa, sai intigiral ya ba ki girman filin. Da iyakokinki na farko za ki samu 9/2. Da na biyu za ki samu 16/3. Tun daga nan kin san filayen ba ɗaya ba ne, bambancin 5/6 kuma shi ne girman wancan ƙarin. Wannan yankin ma yana da wata shaida da nake matuƙar so. Arkimidis, masanin lissafi Bagirke, a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, ya tabbatar cewa filin da miƙaƙƙen layi ya yanka daga farabola ya kai 4/3 na alwatikar da aka zana a ciki, wadda gindinta shi ne layin, tsininta kuma yana inda farabolar ta fi nisa da layin. A namu tsinin yana (1/4, 1/2). Tazarar kwance daga nan zuwa layin 9/4 ce, tsayin yankin daga −1 zuwa 2 kuma 3 ne, don haka alwatikar ½ × 9/4 × 3 = 27/8. Ninka da 4/3, kin samu 9/2. Mutumin bai san alamar intigiral ba, amma ga shi yana duba miki aiki.

Ƙari ɗaya: raba 9/4 da 9/2, za ki samu 1/2. Wannan ne matsakaicin y a yankin, kuma daidai tsakiyar −1 da 2 yake. Haka ya kamata, domin faɗin kowane yanka na kwance, y + 2 − y², iri ɗaya ne a sama da ƙasan y = 1/2.

Mai_Zanen_Inji ya amsa:

Malam ya gama da ta farko, Allah ya saka masa da alheri. Bari in taɓa ta biyu, 'yar'uwa.

Ki daina neman intigiral na e^(x²), ba gazawarki ba ce. Aikin Bafaranshe Joseph Liouville na shekarun 1830 ya nuna cewa ba za a iya rubuta shi da fankshan ɗin da muka saba da su ba, irin su folinomiyal, sin, cos, log da e. An sa tambayar ne da gangan don a tilasta miki juya tsari.

Juya tsari kuma ba musanya wa iyakoki wuri ba ne. Iyakokin da aka ba ki bayanin yanki ne ta fuska ɗaya. Ki koma ga yankin, ki sake bayyana shi ta ɗaya fuskar. Ni ba na ma fara zane, sharuɗɗan nake rubutawa. An ce 0 ≤ y ≤ 1, kuma y ≤ x ≤ 1. Haɗa su a jere guda:

0 ≤ y ≤ x ≤ 1

Yanzu karanta jeren daga ɓangaren x. Mafi ƙanƙantarta 0, mafi girmanta 1. In an tsayar da x, y tana tsakanin maƙwabtanta biyu a jeren, 0 da x. Shi ke nan:

∫[x = 0 zuwa 1] ∫[y = 0 zuwa x] e^(x²) dy dx

A intigiral na ciki e^(x²) ba ya motsi, tunda y ce ke tafiya. Sai ya ba da x·e^(x²). Wannan x da ta fito a gaba ita ce duk abin da ake nema, domin da u = x² an samu du = 2x dx. Amsa (e − 1)/2, kusan 0.859.

Duba ko ta yi ma'ana. Yankin alwatika ce mai kusurwoyi (0, 0), (1, 0), (1, 1), girmanta 1/2. Fankshan ɗin a ciki bai gaza 1 ba, bai wuce e ba. Dole amsa ta faɗa tsakanin 0.5 da 1.36, kuma ta faɗa.

Da girmamawa ga Malam, ni ina ganin a koya wa ɗalibi rubuta sharuɗɗa tun da wuri ya fi a bar shi da zane kaɗai. Nan gaba kaɗan za ta shiga intigiral mai ninki uku, inda zanen silinda da ya ratsa ƙwallo kan gagari yawancinmu. Sharuɗɗa kuwa ba ruwansu da ko hannun mutum ya iya zane. Ko tambayar farko ma suna kama ta: y² ≤ x na nufin −√x ≤ y ≤ √x, x ≤ y + 2 kuma na nufin y ≥ x − 2. Ke nan y tana da iyakar ƙasa guda biyu, dole ta cika duka, don haka wadda ta fi girma a cikin −√x da x − 2 ita ce ke aiki. Suna yin daidai a x = 1. Wurin yanka ya fito ba tare da an zana komai ba.

Ɗalibar_Injiniya ta rubuta:

Malam, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara lafiya. Na zana, na ga ƙarin filin da idona, yana nan ƙarƙashin reshen farabola kamar yadda ka ce. Gwajin sa 1 ɗin nan zan riƙe shi. Yayana Mai_Zanen_Inji, jeren 0 ≤ y ≤ x ≤ 1 ya buɗe mini ido. Na gwada shi a kan wata mai kama da ita, ∫[x = 0 zuwa 1] ∫[y = x zuwa 1] sin(y²) dy dx. Jeren ya zama 0 ≤ x ≤ y ≤ 1, na ciki ya ba da y·sin(y²), amsa (1 − cos 1)/2, kusan 0.23.

Saura abu ɗaya da bai kwanta mini ba. Na yarda tawa matsalar yanki ce. Amma shin da gaske akwai inda yanki yake daidai, lissafi daidai, amsoshin biyu kuma su bambanta? In akwai, ta yaya zan gane shi kafin in faɗa ciki? Ba na so in riƙa juya dx da dy da ka alhali akwai sharaɗin da ban duba ba.

Mai_Digiri_Na_Biyu ta amsa:

Akwai, ƙanwata, kuma tambayar tana da kyau. Ga misalin da aka fi kawowa. Yankin murabba'i ne, x da y duka daga 0 zuwa 1, babu lanƙwasa babu yanka. Fankshan ɗin:

f(x, y) = (x² − y²) / (x² + y²)²

Fara da y. Ki lura cewa diribatif na y/(x² + y²) ta fuskar y shi ne f ɗin nan daidai. Saboda haka na ciki ya ba da 1/(1 + x²), na waje kuma arctan 1, wato π/4. Yanzu fara da x. In aka musanya x da y a cikin f, alamarsa ce kawai ke juyawa, don haka lissafi iri ɗaya zai ba da −π/4. Yanki ɗaya, fankshan ɗaya, babu kuskure, amsa biyu.

Dalilin yana ɗigo (0, 0). Kusa da shi f yana hauhawa ba iyaka a gefen da x ta fi y, yana kuma nutsewa ba iyaka a gefen da y ta fi x. In kin tara ɓangaren da ke sama da sifili shi kaɗai, ba shi da ƙarshe. Na ƙasa da sifili ma haka. Abin da kike yi ke nan ɗebe marar iyaka daga marar iyaka, kuma sakamakon wannan ya danganta da tsarin da aka bi wajen tarawa. Intigiral mai ninki biyu na f a wannan yankin babu shi ma sam, shi ya sa hanyoyin biyu ba su da abin da za su haɗu a kansa.

Sharaɗin ƙa'idar, wadda Guido Fubini ɗan Italiya ya wallafa a 1907, shi ne intigiral na |f|, wato f ba tare da alamarsa ba, a kan yankin ya zama yana da iyaka. A 1909 Leonida Tonelli ya ƙara da cewa in fankshan bai taɓa sauka ƙasa da sifili ba, ki juya yadda kike so, hanyoyin biyu za su yi daidai, ko da duka sun tafi ba iyaka. A aikace ga abin da za ki duba. Yankin yana da iyaka, ba ya miƙewa har abada? Fankshan ɗin ba ya yankewa, ba ya fashewa a ko'ina cikin yankin har da bakinsa? In amsar duka biyu i ce, juya hankali kwance. Naki f = y ne a ƙaramin fili, babu ta inda zai fashe. Wurin tsayawa a yi tunani shi ne inda ƙasan kaso ke zama sifili a cikin yanki, ko yankin ba shi da ƙarshe, kuma fankshan na sauya alama.

Hanya mafi sauƙi ta ganin fashewar misalin nan ita ce tsarin fola, inda ake bayyana ɗigo da nisansa r daga tsakiya da kusurwarsa θ. Da x = r cos θ da y = r sin θ, f ya koma cos 2θ / r². Ɗan guntun fili kuma r dr dθ ne, don haka abin da ake tarawa yana tafiya kamar 1/r, wanda intigiral ɗinsa daga sifili ba shi da iyaka.

Tunda na ambaci r dr dθ, kuma na san shi ne darasinku na gaba, kada ki haddace r ɗin nan ba dalili. Ɗan guntun fili a tsarin fola yana da gefe ɗaya dr, ɗaya gefen kuma guntun baka ne mai tsawon r dθ, domin kusurwa ɗaya tana buɗe tazara mai faɗi a nesa fiye da kusa. In aka manta da r, da'ira mai radiyos a (nisan tsakiyarta zuwa bakinta) za ta ba da 2πa a matsayin girman fili, wanda tsawon kewayenta ne. Da r ana samun πa². Wannan r ɗin ce kuma ke sa e^(−x² − y²) ya yiwu: a kan da'irar ya zama ∫∫ e^(−r²) r dr dθ = π(1 − e^(−a²)). In a ta tafi ba iyaka an samu π, daga nan ake fitar da cewa intigiral na e^(−x²) a kan dukan layi √π ne. A injiniyancin lantarki za ki sake haɗuwa da wannan lambar idan kuka zo lissafin hayaniyar sigina.

Tsohon_Malamin_Lissafi ya amsa:

Madalla da wannan bayani, 'yata Mai_Digiri. Kai kuma ɗana Mai_Zanen_Inji, ban ƙi maganarka ba, kuma yadda ka fitar da x = 1 daga sharuɗɗa ya burge ni. Abin da na gani a aji shi ne, wanda ya rubuta y² ≤ x ya koma y ≤ √x ya manta da reshen ƙasa, babu abin da zai tuna masa in ba zane a gabansa. Ni dai a yi duka biyun: a zana, a rubuta sharuɗɗa, kowanne ya duba ɗan'uwansa.

Ɗalibar_Injiniya, ga aiki. Yankin shi ne x² + y² ≤ 2x, fankshan kuma √(x² + y²). Yi shi da tsarin fola, ki gaya mana iyakokin θ da dalilinsu.

Ɗalibar_Injiniya ta rubuta:

To Malam, ga abin da na yi. Na mayar da sharaɗin (x − 1)² + y² ≤ 1, wato da'ira mai radiyos 1 wadda tsakiyarta ke (1, 0), gefenta na hagu yana taɓa (0, 0). A tsarin fola ya zama r² ≤ 2r cos θ, ke nan r daga 0 zuwa 2 cos θ. Kibiyar a nan daga (0, 0) take tashi, ta fita ta bakin da'ira.

Iyakokin θ na duba su ta hanya biyu. A zane, da'irar duka tana dama da layin y, don haka kibiyar da ta nufi hagu ba ta ratsa komai. A sharaɗi, 0 ≤ r ≤ 2 cos θ ba zai yiwu ba sai cos θ bai gaza sifili ba. Duka biyun sun ba ni θ daga −π/2 zuwa π/2.

Fankshan ɗin r ne, a ninka da r ta guntun fili, an samu r². Na ciki ya ba da (8/3)cos³θ. Intigiral na cos³θ daga −π/2 zuwa π/2 shi ne 4/3. Amsa 32/9.

Na yi gwajin sa 1, ya ba ni π, daidai girman da'ira mai radiyos 1. Na kuma raba 32/9 da π na samu kusan 1.13, matsakaicin nisan ɗigon da'irar daga (0, 0). Nisan yana tsakanin 0 da 2, tsakiyar da'irar tana nisan 1, don haka 1.13 ta zauna.

Na gwada θ daga 0 zuwa 2π don in ga abin da zai faru da wanda ya ɗauka kowace da'ira haka take. Girman fili ya fito 2π, an zagaya da'irar sau biyu. Intigiral ɗin kuma ya fito sifili, abin da ba zai yiwu ba ga fankshan da nisa ne, tunda nisa ba ya sauka ƙasa da sifili. Daga 0 zuwa π filin ya fito π daidai, amma intigiral ɗin ya sake ba da sifili, saboda bayan π/2 r tana zama ƙasa da sifili, a can kuma √(x² + y²) ya zama −r, ba r ba.